Tsohon da Ya Hana Ni Hura Makirufo

Yau da safe makirufon gidan rediyonmu na Badaguishiri ya sake yin shiru. Na zauna ina kallonsa, ko ƙarfin yin fushi ba ni da shi. Sai na tuna tsohon da ke gyara mana kaya, wanda ya rasu bara.

Wata damina makirufon nan ya sha laima, yana ta ƙara kamar ana suya. Ga wani makiyayi daga Dogarawa a tsaye, yana jiran in yi cigiyar shanunsa da suka ɓace. Na kai baki zan hura, tsohon ya riƙe hannuna.

"Kul, ɗiyata! Fatar da ke ciki ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba. Numfashinki ma ciwo ne gare ta."

Ya kwance makirufon bisa farin ƙyalle, ya bari ya bushe, ya liƙe wayar da ta tsinke da dalma. Hayaƙin dalmar na ta sa shi tari, har azahar ta gota. Da na yi sallama a makirufon, muryata ta fito tas, na yi cigiyar. Bayan kwana biyu aka ga shanun a Alela.

Allah ya hutar da shi, ya sanyaya makwancinsa.