Nomau Mai Tafi a Ɗakin Mutane

Maigidana Nomau, Allah ya jiƙansa, bai iya kiɗa ba, in kuwa ya ɗauko waƙa har awaki sai sun bar tsakar gida. Amma duk Agadas babu mai kunnensa. Butik ɗinsa, wato shagonsa, yana bakin babbar kasuwa, kuma abu ɗaya yake sayarwa: bafal, manyan akwatunan katakon nan masu fitar da sauti, da ake haɗawa da injin faifai a ɗaki. Biyu-biyu suke zuwa, bai taɓa raba su ba. Lokacin da uraniyom ke da daraja, turawan Arlit da manyan ma'aikata ba sa yankewa a ƙofarsa.

Yana da wata al'ada da ta daɗe tana ba ni haushi. Ba ya sayar wa mutum sai ya ga ɗakinsa. Zai cire takalmi, ya tsaya a tsakiya, ya tafa hannu, ya karkata kai yana saurare. In tafin ya kwanta lami lafiya, ciniki ya faɗa. In ya dawo masa da ƙara, sai ya ce a yi haƙuri, ya kama hanya. Ɗakunan ƙasa na tsohon gari su ne abin ƙaunarsa. Daga nan aka laƙaba masa Mai Tafi, shi kuwa yana amsawa.

Sai fari ya zo. Makiyaya suka sauko daga duwatsu ba ko akuya, suka zube a bayan gari. Uraniyom ya faɗi, turawa suka tattara nasu ya nasu. Kaya in sun taso, a kowane shinge sai soja ya sa an buɗe, wani har ya danna yatsa a bakin bafal ko an ɓoye wani abu. Ga kuma ƙananan rediyo masu kaset sun cika kasuwa, mai sukari da shayi ma yana sayarwa. Abokan sana'arsa suka koma sayar da fitilu. Shi bafal biyu suka rage masa, masu jan katako, mu kuma buhun geronmu ya kusa ƙasa.

Ana nan sai Alhaji Lukumanu mai kamiyo, manyan motocin kaya, ya ce yana so. Ya gina sabon gida na siminti da rufin kwano, matarsa Hajiya Kadidia kuwa ƙawata ce. Ranar da maigida zai duba ɗakin na riga shi zuwa, wai na je barka. Muna zaune a tsakar gida na ji tafin. Ni da ban san komai ba, na ji ya dawo kamar an jefa dutse a randar da ba ruwa.

"Alhaji, ɗakin nan bai yi ba," in ji shi.

"Haba Malam Nomau, a wannan shekarar? Kawo kayanka, ni na ce ina so."

"Da sunana za su zauna a gidanka. Duk wanda ya ji sai ya ce Mai Tafi ya kurumce."

Wallahi ji na yi kamar in shiga in shaƙe shi. Yara na gida suna shan kunu tsararo, shi yana kare mutuncin katako.

Maigida ya ƙare wa bangon kallo, ya ce, "Amma akwai magani. Matan da ke bayan gari suna sayar da tabarmin bukkokinsu, masu kauri, da matasan fata. A lulluɓe bangon da su, a shimfiɗa a ƙasa. Sai dai ka saya da daraja, Alhaji, ba farashin yunwa ba."

Alhaji ya yi dariya ya ce bai taɓa ganin mai sayarwa yana kafa wa mai saye sharaɗi ba, amma ya yarda. Da tabarmin suka hau bango, maigida ya sake tafawa, tafin ya kwanta. Ya yi ta matsar da bafal ɗin kaɗan-kaɗan har ya gamsu, sannan ya sa faifan gurmi. Hajiya ta leƙa ɗakin tana neman makaɗin. Ni kuwa na juya baya, don kada ya ga ina hawaye ya samu abin yi mini gori.

Geron da cinikin ya kawo shi ya kai mu damina. Butik ɗin bai sake buɗewa ba, maigida ya koma gyaran rediyon nan da ya raina, har ƙarshen ransa. Yau ana zuba bafal a kan tebur kusa da bokiti, ba mai tambayar ɗakinka.

Bara na je gaishe da Hajiya Kadidia, na tarar tana share ɗakin da kanta. Jikarta ta miƙa hannu za ta ja bafal ɗaya don a share ƙarƙashinsa, Hajiya ta buge hannun.

"Bar shi. Nan Mai Tafi ya ajiye shi."