Ƙugin Da Na Hana Ka Ji

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, da hantsi, mai ɗakin taron da muke aiki ya kira ni ya ce abokin aikina Kunne ya cika, bayan jinyar wata guda.

Kunne, shekara sha ɗaya muna zaune bayan mikisa ɗaya, na'urar haɗa sauti, kuma duk tsawonsu ina kishinka. Ni idan sauti ya lalace sai in buɗe littafina in bi matakai: makirufo, waya, layi, amfilifaya, lasifika. Kai daga bakin ƙofa za ka karkata kai ka ce, "Akawu, rufe littafin nan, wayar layi na huɗu ce ta hau ta wuta." In duba, haka ne. Ranar da lasifika ta yi ta ƙara ana tsakiyar jawabi, ni na juya makirufo ya fuskance ta. Ka gyara, ka ce wa mai ɗakin taron laifin soket ne. Ko godiya ban yi ba. Rufin asirin ma haushi ya ba ni.

Kana kwance mikisar ta fara wani ƙugi ƙasa-ƙasa. Na canza wayoyi, na zare layuka ɗaya bayan ɗaya, yana nan. Na naɗe shi a wayata don ka ji. Da na zo asibiti, hannunka da ƙarin ruwa, ka ce, "An ce tsohuwar tana gunaguni. Kunna mini." Na ce ai na gyara. Ka yi murmushi ka ce madalla. So nake sau ɗaya a ce ni ne na gyara.

Wurin gaisuwa maiɗakinka ta ce da ni, "Kullum sai ya tambaya ko ka kawo masa sautin. Ya ce murya ba ta ɓoye masa ƙarya."

Ƙugin yana nan har yau. Ranar Asabar akwai taron mutum ɗari huɗu, mai ɗakin taron kuma ya tambaya a gabana ko akwai wanda za a ɗauko daga waje ya gyara.

Ka yafe mini, Kunne. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini. Maiɗakinka da 'ya'yanka uku, Allah Ya ba su haƙuri. Ni kuma Ya wanke mini zuciya, don har yanzu da saura.