Nama Ya Ƙare, Baba

Iya Morufu ba ƙawata ba ce. Tun muna da ƙarfinmu take tuƙa amala, tuwon garin doya, a kasuwar Oje, nan Ibadan, bakinta kuwa ya fi miyarta yaji. Mijinta ya rasu da wuri, da muciya ta raini 'ya'yanta.

Mijina Lasisi ciwon hanta ya kama shi bayan ya bar tuƙin mota. Wata rana ya shigo gida, ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema?" Danginsa suka ce jifa ce. Likita ya ce in jiki ya sarrafa nama akwai dafin da ke saura, hanta ce ke mayar da shi yuriya ya fita da fitsari. Hantar Lasisi ta gaji, shi ya sa dafin ke hawa kansa. Ya ce a ba shi ƙosai da alale, nama kuwa kaɗan.

A gida na tsare tukunyata. Amma a garinmu dattijo ba ya cin amala gaya a gaban mutane, yawan naman kwanonsa shi ne girmansa. Sai ya riƙa sulalewa Oje wajen Iya Morufu, ya dawo bai san ɗakinsa ba.

Na je na faɗa wa Iya Morufu. Ta ce, "Iya Bolanle, ni na haife shi? Matsa, kin tare mini masu saye."

Washegari maƙwabcinmu ya kawo mini labari. Lasisi ya zauna a rumfarta ya ce, "Akuya, yanka uku."

"Nama ya ƙare, Baba."

"Wancan da ke iyo a tukunya fa? Takalmi ne?"

"Na masu haƙora ne. Ga ganda, ka yi ta fama."

Rumfa ta ɗauki dariya, har da shi. Daga ranar kullum haka suke yi, mutane suka ɗauka wasa ne tsakaninsu. Ba ta taɓa ambatar ciwonsa a gaban kowa ba.

Ya ƙara shekaru da hankalinsa, ya aurar da 'yarmu Bolanle, ya rasu yana kiran sunana.

Ran sadakarsa ita ta yi girki. Ta dire mini kwano da yanka uku na akuya, ta ce, "Nasa ne. Ci."

Ban iya godiyar baki ba. Na cinye tas.