Kwaɗon Idon Ruwanmu

Duk sa'ad da na ɗaga randa zan share ƙarƙashinta, ƙanshin jiƙaƙƙen yashin nan yakan mayar da ni garinmu, can gindin duwatsun kudancin Borno. A nan unguwar Lamisula ta Maiduguri ruwan 'yan garuwa muke sha. A can kuwa sai mun hau dutse, mu shiga wani ɗan kurmi mai duhu, inda ruwa ke tsattsafowa daga tsagin dutse rani da damina.

Kakata ce ke gaba, mu jikoki muna biye da tuluna. A bakin ruwan akwai wani ɗan kwaɗo, bai wuce kan babban yatsa ba, launinsa kamar busasshen ganye. Da wuya ka gan shi, sai dai ka ji kukansa siriri, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a bakin kofi. Kaka tana da dokokinta a kansa. Ba a shiga kurmin da gatari ko sabulu. Ƙwaryar farko ba ta tulu ba ce, a kan gansakukar da yake ƙwai ake juye ta. In ya faɗa ƙwarya, sai ka jiƙa hannu kafin ka cire shi, wai busasshen hannu yana ƙona masa fata. Na taɓa tambayarta ko aljani ne, ta dungure mini kai, ta ce halittar Allah ce kawai, amma inuwar da ke riƙe shi ita ke riƙe ruwan.

Da tashin hankali ya zo muka gudo Maiduguri. Kaka ta rasu a hanya. Mahaifiyata ta zauna a wurina, amma ba ta taɓa kwance ƙullin kayanta ba. Kullum maganarta guda ce, za ta koma ta ƙarasa kwanakinta a gida. In muka ce da me za ta rayu, sai ta ce muddin kwaɗon yana kuka akwai ruwa, sauran kuma na Allah ne.

Bana hanya ta buɗe, yayana ya je ya dubo. Ya dawo ya same ni a madafa. Ya ce waɗanda suka koma ba su tarar da komai ba sai itatuwa, suka sare kurmin suka yi gawayi. Bai ga laifinsu ba, ni ma ban gani ba. Ya kewaye 'yan bishiyoyin da suka rage da ƙaya, ya roƙi mai unguwa a bar su. Ya zauna a bakin tsagin tun hantsi har la'asar, taɓo ne kawai, bai ji komai ba.

Ni na gaya wa mahaifiyata, bayan ta idar da salla. Ta daɗe tana jan carbi.

"Ya saurara da kyau? Yayanki fa bai iya shiru ba."

Na ce ya saurara, Iya.

Ba ta yi kuka ba, ni ma hawayen bai zo ba. Washegari ta kwance ƙullin, ta ce in ba ta wuri a akwatina. Yanzu zannuwanta suna jere da nawa. Jikokinta kan tambaye ta labarin garinmu, sai ta ce su tambayi uwarsu.