Kiran da Fijo ta amsa da kanta

Mun tashi daga Funtua masallatai suna kiran asuba, ni da Mama da ƙanwata, a cikin tsohuwar Fijon da marigayi Baba ya saya tun yana aiki a gidan gurzar auduga. Motar ta girme ni, kuma duk wanda ya ji tashinta da safe ya san haka.

Bari in faɗa muku abin da muka ɗauko a cikinmu, don ku gane me ya sa hannuna ke gumi a kan sitiyari da sanyin damina. Kawu, yayan Mama, ya rasu da yammacin jiya a ƙauyensu da ke bayan Kafur. Ni da ƙanwata mun sani, Mama ba ta sani ba. A wurinmu ba a faɗa wa tsoho mutuwar ɗan'uwansa a waya ko a kan hanya. Sai a ce jiki ya matsa, a kai shi gida, manya su zaunar da shi tukuna. Ga Mama da hawan jini, likita ya sha ja mana kunne a kan labarin ba-zata. Ita da Kawu, su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Aikina ɗaya ne, in kai ta tsakar gidan nan ba tare da ta ji ba.

Makon da ya wuce na je wurin wani mai gyaran rediyon mota kusa da tasha, ya sayar min da wani ɗan abu kamar kan tocila. Ana soka shi a ramin kunna sigari, a haɗa shi da waya ta bulutut, sannan a murɗa rediyo zuwa inda babu tashar da ke magana. Shi ke nan, kira da muryar taswira duk sai su riƙa fitowa ta sifikun mota. Har na roƙe shi ya saita min yadda zai riƙa amsa kira da kansa, don kada in saki sitiyari. A ranar na dawo gida ina ta baza haƙora, Fijon Baba ta waye. Mama ma abin ya burge ta, ta raɗa wa matar da ke faɗin hanya a taswirar suna Baturiya.

Ban tuna da zancen amsa kiran nan ba sai da muka kusa Bakori. Waya ta yi ƙara, kafin in ankara muryar wani dattijon cocinmu ta cika motar. Ya fara gaisuwa, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ni kuwa na san inda gaisuwar ta dosa. Na katse shi da ƙarfi, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

“Baba, muna cikin mota ne da Mama, tana jin ka, za mu je duba Kawu!”

Ya yi gyaran murya. “To, to. Allah ya ba shi... Allah ya kai ku lafiya.”

Mama ta ce mutumin kirki, ko wa ya gaya masa Yaya ba lafiya? Na dubi madubi, na ga ƙanwata ta dafe kai. Na zare ɗan abin nan, na ce ya ɗauki zafi.

Daga nan har Malumfashi hanya ce da na sani, kwalta ce, sai dai ramukan da ruwa ya cike, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Gonaki sun yi kyau bana. Masara ta yi goyo, dawa ta fi mutum tsawo, waken suya ya rufe ƙasa. Mama tana ta nuna min gonaki tana cewa Yaya ya fi duk waɗannan iya huɗa, da ƙafa yake auna kunya kuma ba ta karkacewa. Ni dai to nake cewa. Mun wuce shingayen jami'an tsaro, a ɗaya wani ya leƙo ya ce a gaishe da mai Fijo, da irinta aka yi bikin auren kakansa.

A Malumfashi muka tsaya shan mai, wanda tsadarsa ba sai na ba ku labari ba. Ƙanwata ta sayo ƙosai da koko, ƙosan ƙanana kamar ana jin haushin mai saye. Na zaga bayan mota na duba waya, kira ya taru, duk na masu ta'aziyya. Na lalubi inda ake kashe amsa kiran, na danna nan na danna can, ban gano ba. Ga kuma saƙo daga babban ɗan Kawu: ruwa ya cinye kwalbatin hanyar da muka saba bi, sai mun zaga ta wata hanyar gona, ya turo min alamar wurin a taswira. Ban taɓa bin ta ba. Ƙanwata ta ce ita za ta riƙe wayar ta riƙa karanta min. Muka gwada bayan Kafur, ta ce dama alhali hagu ne, muka tsinci kanmu a bakin wata rijiya. Muryar wayar kuwa ita kaɗai ba ta iya ƙetare rurin Fijo. Mama ta ce, “Ku mayar da Baturiyar nan mana, ta fi ku sanin gari.”

Na soka abin, na karɓi wayar na ɗora ta a gaban mota. Baturiya ta ci gaba da ba da umarni cikin natsuwa, tana kiran sunayen ƙauyukanmu kamar tana tauna tsakuwa. Hanyar jar laka ce tsakanin gonakin dawa, babu kowa sai masu babur jefi-jefi da wani amalanken shanu. A raina ina ta addu'a, Ubangiji ka ɗauke sabis, abin da ban taɓa roƙo ba tun da na fara riƙe waya.

Sai muka iso wani rafi da ya malalo kan hanya. Wani mai babur ya ce in bi ta gefen dama, kuma kome za a yi kada in ɗaga ƙafa daga totur, in na tsaya laka za ta riƙe mu. Na sa giya ɗaya na shiga. Ruwa yana dukan ƙasan mota, bayanta yana wutsil-wutsil, hannuwana biyu sun ƙanƙame sitiyari. A tsakiyar ruwan nan waya ta yi ƙara, sunan da ya fito a fuskarta kuwa Kawu. Mama tsohuwar malamar firamare ce, ta riga ni karantawa.

“Yaya ne! Ashe ya samu sauƙi.”

Ƙanwata ta miƙo hannu daga baya, ba ta kai ba. Motar ta amsa.

“Yaya? Ka tashi? Ga mu nan kusa.”

Ba a yi magana ba. Sai dai daga can baya ana jin muryoyin mata suna rera waƙar nan ta coci da ba a yin ta sai a gidan rasuwa. Mama ta yi shekaru tana jagorar zumuntar mata, ita take ɗaga wannan waƙar a gidajen mutane.

“Gwaggo, ni ne,” in ji ɗan Kawu. “Wayata ce ba caji.”

“Ba ni babanka.”

Wani namiji daga nesa ya ɗaga murya, a tambaye su ko sun kusa, an gama haƙa.

Ban san yadda muka fita daga ruwan ba. Muna hawa tudu Mama ta ce in tsaya. Ta buɗe ƙofa da kanta ta zauna a kan kunyar wata gona, ƙafafunta cikin laka. Ƙanwata tana kuka tana neman maganinta a jaka, ni na durƙusa ina kallon numfashinta, tsoro ya cika ni, don daga nan zuwa asibiti tafiya ce mai nisa. Ta haɗiye maganin. Ta daɗe tana kallon dawar nan, hawaye suna zuba ba sauti.

“Tun yaushe?”

Na ce tun jiya da yamma. Ta gyaɗa kai, ta kwance ɗankwalinta ta sake ɗaurawa.

“Ku tashi mu je, kada mu tsayar da mutane.”

Da muka isa, tsofaffin matan da aka shirya su tare ta sun jeru a ƙofar gida, kowace ta haɗa abin da za ta faɗa. Suna ganin fuskarta suka san an riga su. Da ƙafarta ta shiga har inda aka kwantar da shi. Aka yi jana'iza kafin rana ta karkata, muka zauna kwanakin gaisuwa, jininta ya hau ya sauka, Allah ya tsare.

Mun dawo Funtua ta hanyar da muka bi. Ga masu son sa irin wannan abu a mota, yana da amfani, ba don shi ba da ban gane hanyar ba. Amma kada ku yarda ya riƙa amsa kira da kansa, kuma duk wanda ya kira, kafin gaisuwa ku fara gaya masa su wa ke zaune a motar. Wannan shi ne ƙaramin darasin. Babban kuwa a ƙofar gida na same shi, lokacin da na zagayo na buɗe wa Mama. Ta riƙe hannuna ba ta sauko ba.

“Na san al'ada ce, ni ma na yi wa wasu,” ta ce. “Amma kana zaune kusa da ni tun daga nan har can. Da bakinka na so in ji, ba daga rediyo ba.”