Ragowar Kwanon Baba

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da shekarar da awakin Inna suka yi ƙiba, Baba kuwa ya rame ba. Yanzu nakan ba da labarin ina murmushi, amma a lokacin saura kaɗan mu kai tsohon nan inda bai kamata ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu da ke Yammedi, kuma wanda ya tashi a wajenmu ya san kunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana son wani abu daga gare ni sai ya dubi Inna ya ce, "A gaya wa waccan ta kawo buta." Ina yarinya abin ya riƙa ci mini rai, har na taɓa tambayar Inna ko tsinto ni aka yi. Abu ɗaya ne ya kwantar mini da hankali. Kullum bayan magariba Baba yakan ɗauki kwanon tuwonsa ya fita ƙofar gida, inda shi da dattawan layinmu suke ciyayya, kowa ya fito da abin da aka girka a gidansa a haɗu a ci. In ya dawo sai ya ajiye kwanon a bakin ɗakin Inna ya wuce. A ciki za a tarar da ragowa, an gyara ta gefe guda da miya a kai, wata rana har da 'yar tsoka. Kowa a gidan ya san ta wace ce. Ƙannena maza sun sha ludayi a ka saboda ita.

Na yi aure a Fulatan, na hayayyafa, har furfura ta fara leƙo mini. Sai Allah ya karɓi ran Inna a wata damina. Da aka watse daga zaman makoki, ƙannena suka tsara cewa matansu za su riƙa kai wa Baba abinci bi da bi. Na koma ɗakina hankali kwance.

Ana cikin cirar gyaɗa autanmu ya kira ni a waya. "Yaya, ki zo. Baba ba ya barci. Ko ƙofa aka buga sai ya zabura, yana cewa zuciyarsa za ta fito. Jiya saboda yara sun yi dariya ya kore su da sanda." Ya ce an yi rubutu, an yi hayaƙi, wasu na cewa iska ce, wasu sammu. Su dai sun yanke shawarar kai shi birni wajen masu duba taɓin hankali. Mutumin da bai taɓa kwana nesa da gonarsa ba, in aka ɗauke shi da wannan sunan, na san baƙin cikin kaɗai ya isa ya ƙarasa shi.

Na tarar da shi a zaure, rigar ta yi masa yawa, rediyo manne a kunne yana sauraren labarin kashe-kashe da tsadar kaya. Bakinsa ja wur da goro, hannunsa na karkarwa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya dubi bango ya ce, "An zo lafiya?"

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya shaide ni. Na tara ƙannena na ce ba inda za a kai shi sai an fara zuwa asibitin nan kusa, a Karaye. Malamar da ta duba shi ta ce jininsa ya ɗan hau, ta rubuta magani, sannan ta tambayi abin da yake ci. Babban ƙanena ya gyara tsayuwa ya ce abinci kam har ya yi yawa, kuma kullum kwano fayau yake dawowa. Ta dubi wuyan Baba, ta dubi ƙanena. "To ku sa ido," in ji ta. "Tsohon da ya wuni kan goro da shayi, shi kaɗai da tunani, dole zuciya ta yi ta bugawa. Ku duba ko yana ci, ku duba da wa yake ci."

Washegari da safe na laɓe a madafa. Aka kawo masa ɗumame, ya karɓa ya sa albarka. Matar ƙanena na juya baya ya miƙe a hankali ya nufi turken awakin Inna, ya juye musu tas. Na ji yana cewa, "Ku ci, ku ne nata." Sannan ya koma zaure ya ɓare goro, ya aika a karɓo masa baƙin shayi. Sai a lokacin na lura da awakin. Sun yi sumul, uwar garken har tafiya take da ƙyar.

Ta yaya 'yar fari za ta tsare ubanta da tambaya? Da la'asar na ga ya dawo wajen turken ya zauna, sai na ɗauki dusa na je na tsuguna, na ba shi baya, na kama kunnen uwar garken.

"Ke kam kin more," na ce mata. "Kina cin tuwon mutane, mai tuwon yana cin goro."

Can sai na ji muryarsa, shi ma akuyar yake kallo. "Gaya mata tuwo ba ya wuce wuya in mutum shi kaɗai ne."

"Tambaye shi me ya hana shi fita wajen abokan ciyayyarsa."

"Gaya mata sun ɗauke tabarmarsu daga ƙofata. Ai da gaskiyarsu. Wanda murhunsa ya mutu, da me zai fita?"

Na zuba dusar nan ban ga inda take zuba ba, hawaye ya rufe mini ido. Duk tsawon rayuwata ban taɓa yin hira mai tsawon wannan da mahaifina ba, ita ma sai da akuya ta shiga tsakani.

Daga nan gidan amininsa na wuce, maƙwabcinmu da muke kira Baffa. Da na gaya masa sai ya yi salati ya riƙe haɓa. "Ɗiyata, mu fa tausayi ne ya sa. Mun ga in muka ci gaba da zama a ƙofarsa, kowa na fitowa da girkin matarsa, kullum fama masa ciwo za mu yi. Shi ya sa muka koma ƙofar liman, muka ce in ya huce zai biyo mu." Kun ji fa. Su suna yi masa kara, shi yana ganin an yar da shi, ga katanga ɗaya tsakaninsu, kunya ta hana kowa buɗe baki.

Na nemi izinin maigidana na zauna. Na share madafar Inna, na hura wuta a murhunta. Da safe kunun gyaɗa, da rana fura da nonon da ake aiko mini daga Fulatan, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da yamma tuwon dawa miyar kuka da wake da man shanu, yadda take yi. Baffa ya ɗauki nasa aikin. Ya zo ya ari rediyon wai nasa ya lalace, har yau bai mayar ba. Goro kuwa ya ce daga yanzu ɗaya za su riƙa rabawa, tunda haƙoransu duka sun ƙare.

Tabarma ta dawo ƙofarmu, amma Baba ya ƙi fita. Sai wata magariba Baffa ya ɗaga murya daga waje: "Malam, ƙamshin daddawar gidanka ya hana mu cin namu. Ko ka fito da shi, ko mu shigo da tsufanmu." Na ajiye kwanon a gabansa na kauce. Ya daɗe yana kallon hayaƙin da ke tashi daga madafa, sannan ya ɗauka ya fita.

Ba zan ce a ranar ya warke ba. Loma kaɗan ya yi, kuma an ɗauki lokaci yana zabura. Amma da abinci ya fara zama a cikinsa, ga magani, ga masu tsokanarsa kowace yamma, sai barci ya dawo, karkarwar hannu ta ragu. Ran nan na jiyo dariyarsa daga waje, na saki muciya na zauna a ƙasa. Bayan nan ya ɗauki fartanya ya tafi ganin gyaɗarsa. Maganar birni ba wanda ya sake tayar da ita. Awaki ne kawai suka yi asara.

Matar autanmu ta karɓi murhun Inna, na fara shirin komawa. Duk zaman nan a zaure Baba ke barin kwano, in je in ɗauka ba komai a ciki. Ana gobe zan tafi, ina zaune a ɗakin Inna, sai na ji takunsa, na ji an ajiye abu a bakin ƙofa. Na ɗaga murfin. Ragowa ce, an gyara ta gefe guda, da miya a kai da 'yar tsoka. Ni da na aurar da 'ya, na zauna na cinye ta ina kuka kamar yarinya. Daga wajen turke na ji yana cewa, "Gaya mata gishiri ya ɗan yi yawa."

Abin da na koya shi ne damuwa takan shigo ta cikin da ba a cika ba, ta kuma samu wurin zama a inda mutum ke wuni shi kaɗai, kuma kara in ta yi yawa cutarwa take. Tun daga lokacin, duk wanda ya ce mini zuciyarsa na bugawa, nakan ce ya je asibiti, amma kafin ya tashi sai na tambaye shi me ya ci yau, kuma da wa. In ya yi shiru, sai in jawo tabarma in ɗauko kwano.