Gadon da Habboba ta sa aka gina

Duk garinmu na bakin tur'a, wato babbar magudanar ruwan noma, kusa da Wad Haddad, babu mai tsoron sanyi kamar kakata, babu kuma mai taurin kai kamarta. Habboba muke ce mata, kamar yadda Larabawan maƙwabtanmu ke kiran kakanninsu. Ta haura tamanin, haƙoranta huɗu, amma bakinta bai san ya tsufa ba. Ni ce jikar da aka jibga wa hidimarta, don ni kaɗai ce zaginta bai taɓa sa wa kuka ba.

Da sanyi ya kama, iskar arewa ta fara ratso gonakin alkama tana shigowa ta ƙasan ƙofa, sai tarinta ya tashi. Likita ya ce in sanyin nan ya sake shiga ƙirjinta, to mu yi haƙuri. Kawuna ya kawo barguna biyu daga Hasahisa, ta ce warin kanti suke yi. Na saƙa mata hula, ta ce na mai da ita jaririya. Safa kuwa a hannu take sa ta, wai ƙafarta ba ta yi ƙara ba.

Matsalar ita ce angarib ɗinta, gadon igiya irin na ƙasar nan. Komai bargon da ka lulluɓa, sanyi ta ƙasa yake bi. Habboba ta ce ita ta san magani, don a gida, wato ƙasar Sakkwato inda iyayenta suka fito, wuta ake sa wa a ƙarƙashin gado. Sai ta fara tura kanun, wato murhun gawayi, ƙarƙashin angarib da sandarta. Na janye, ta mayar. Na ɓoye kanun ɗin, ta zuba garwashi a tsohon kwano.

"Habboba, gadon can na ƙasa ne, wannan igiya ce!"

"Mi kika sani, ke da ko ƙirga ba ki iyawa sai da Larabci?"

Wata safiya ina soya zalabiya, irin fanken nan, a tsakar gida na ji ƙauri, kuma ba na mai ba. Na kutsa ɗaki da ludayi a hannu. Igiya uku sun tsinke, Habboba ta nutse a tsakiyar gado, ƙafafu sama, gefen zanenta yana hayaƙi, tana salati tana haɗawa da tsine wa mai saƙar igiya. Na fizge ta, na juye mata butar alwala. Yanzu ina dariya, amma ran nan sai da na zauna a ƙasa. Da na tsaya juya zalabiya ɗaya, da wani labarin ake yi.

Ita kuwa abin da ya dame ta shi ne na jiƙa ta da ruwan sanyi.

Na samu kawuna, wanda ginin laka ne sana'arsa, na ce masa zaɓi biyu ya rage: sanyi ya ɗauke mana ita, ko wuta. Gara ya gina mata gadon laka irin na can mu huta. Ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Habboba ta ce shi ya sa Allah ya bar ta da rai.

Kwana biyu tana zaune a kujera tana ba da umarni da sanda. Tsariya, ramin da ake zuba garwashi, ta ce a yi ta gabas. Da aka yi, ta ce wane jahili ne ke sa ta gabas. Kawu, mai furfura da jikoki, ya rushe ya sake yana cewa "To, Inna" yana cizon leɓe. Mata suka riƙa leƙowa, wata ta ce mun gina wa tsohuwa kabari tun tana raye. Habboba ta ce mata ta jira nata, ba za a sa masa wuta don jin daɗi ba.

Da ya bushe, na hura gawayi a waje har hayaƙin ya ƙare, na zuba a tsariya, na bar taga a buɗe kaɗan duk da tana zagina. Muka shimfiɗa tabarma, muka kwantar da ita. Ta bar faɗa, abin da ban taɓa gani ba sai in tana salla. Ta riƙa shafa lakar da tafin hannu.

Na ce, "Habboba, haka na gida yake?"

"Ni ina na sani? Nan anka haihe ni, bakin tur'ag ga. Ban taɓa ganin shi ba."

Kawu, da ya kwana biyu cikin laka har gwiwar hannu, ya saki baki.

"Innata ta ba ni labari. Duk shekara sai ta ce za a gina mata, ba wanda ya iya. Cikin sanyi ta rasu, bisa angarib, tana rawar ɗari." Ta share ido da safar hannunta. "Ke, mi kike kallo? Ƙaro gawayi, bayana bai ji ba tukuna."

Na fita ɗebo gawayin, na daɗe a bakin buhun kafin in iya dawowa.